Jirgin da Gado Bai Raɗa wa Suna Ba

A Kambo Bakwai, tafiyar sa'a guda a kan jaki daga Wad Haddad, idan aka ji ƙugin jirgi ba sama ake fara duba ba. Gado ake duba. Kambo dai irin ƙauyukan nan ne na 'yan ƙwadago da ke raɓe a gefen gonakin Jazira, gidajen laka da rumfunan kara, ba famfo ba asibiti. Mutanen wannan kambon Hausawa ne, kakanninsu sun taso daga ƙasar Sakkwato da niyyar Makka, guzuri ya ƙare musu a bakin kogi, auduga ta riƙe su har suka manta da hanya. Gado jikan irin waɗannan ne, dogo siriri, mai busasshen tari. Tun da yaƙi ya iso Jazira aikinsa guda ne: ya zauna a kan gadar babban magudanin ruwa, ƙarƙashin darbejiya, ya saurari sama, ya faɗa wa jama'a abin da ke tafe. Mutum wajen ɗari huɗu ne suke fita gona bisa maganarsa. Abin da bai faɗa musu ba shi ne, kunnen da suka dogara da shi ya kusa mutuwa.

Sanin jirgi kuwa ba a makaranta ya same shi ba. Yana da shekara goma sha tara aka ɗauke shi mai tuta. Matasan yanzu ba su san wannan sana'a ba, kuma ba su yi asarar komai ba. A zamanin da auduga take auduga, duk kaka jiragen feshi sukan sauka a wani filin turɓaya kusa da Wad Haddad, da matuƙansu jajayen Turawa daga ƙasashen da ko sunansu mutum ba ya iya riƙewa. Matuƙi yana sama, ba ya gane layin da ya fesa da wanda bai fesa ba, don haka sai a tsayar da mutum a ƙarshen gona da farar tuta a kan gora. Jirgi zai miƙo kansa tsaye, ƙasa-ƙasa, har kana ganin fuskar mai tuƙin. Kai kuma ka daure kana kaɗa tuta sai ya zo dab da kai, sannan ka duƙa, ya wuce ta bisa kanka da ruwan magani, ka tashi ka ƙirga taku ashirin da biyu zuwa gaba, ka sake tsayawa. Haka daga ketowar alfijir har rana ta yi zafi.

Abokan aikinsa da yawa ba su kai shekara hamsin ba. Wani hannu ya riƙa yi masa rawa, wani ƙirji ya ci shi. Gado ya kwashe shekara ashirin da huɗu yana duƙawa yana tashi, kuma abin haushin shi ne son aikin yake yi. Ya kan ce duk faɗin Jazira, daga babban mufattishi mai duba gonaki har zuwa mai gadin ruwa, babu wanda jirgi ke bin umarninsa sai mai tuta. Girman kai ne, ba shakka. Amma mutumin da ba shi da ko taku ɗaya na ƙasa da sunansa, wanda 'ya'yan masu gonaki ke kira “ya zol”, wato “kai wannan”, kamar uwarsa ba ta raɗa masa suna ba, ai a bar shi ya yi taƙama da wani abu.

A filin nan na turɓaya ya fara tara sunaye. Wani bakanike ɗan Madani, mai son surutu, shi ya faɗa masa cewa babban jirgin feshin nan mai fukafukai hawa biyu sunansa Antonof, kuma sunan mutumin da ya zana shi ne. Ya ce na soja ma haka suke: Sukoi sunan mutum ne, Mij kuwa mutum biyu ne suka haɗa farkon sunayensu. Gado ya daɗe yana juya wannan magana a ransa. Shi bai ga dalilin da zai sa ya riƙa kiran sunan kakan wani ba, sai ya raɗa musu nasa. Jirgin feshi ya zama Zabuwa, don ba ta tashi sama sosai kuma ba ta rabo da hayaniya. Mij, da yakan gifta jefi-jefi, ya zama Bulala, don sai ya wuce kake jin saukarsa. Mai saukar ungulu kuwa Mai-daka. Matarsa Indo takan ce da haka ya damu da sunayen jikokinsa, da bai riƙa kiran kowa “ke wannan” ba.

Daga baya aka ƙera wata na'ura da ke nuna wa matuƙi layi, aka sallami masu tuta ba ko sannu. Audugar ma ta yi ta lalacewa, jiragen suka rage zuwa, sannan suka daina. Gado ya koma yawon ƙwadago kamar kowa. A kakar shekarar dubu biyu da sha ɗaya yana kudu da Damazin wajen yankan riɗi, faɗa ya ɓarke a can. Wata safiya ya ji wani ƙugi mai nauyi daga can ƙololuwar sama, yana zagayawa a hankali. Ya tambayi na kusa da shi wane jirgi ne, aka ce masa Antonof. Wallahi sai da ya yi murmushi, kamar an ambaci wani tsohon aboki. Yana tsaye yana hangen sama, mutane suna ta zubewa cikin kwazazzabo, har wani ya fizgo ƙafarsa ya faɗi. Gangar bam ɗin da jirgin ya sako ta sauka bayan bukkokin 'yan aiki. Ya tashi jini na zuba daga kunnensa na hagu, kuma tun daga ranar kunnen bai ƙara jin komai ba. Wannan jirgin ya sa masa suna Tsohuwa, saboda yadda take kewayawa tana nishi kamar mai neman allurar da ta faɗi. Ya dawo gida da kunne ɗaya da ilimin da babu mai bukatarsa, har tsawon shekara goma sha biyu.

Da yaƙin ya zo, sai aka bukace shi. Abdussalami, shehun kambon, sa'ansa ne, tare suka yi kiwon awaki suna yara. Shi ya sa aka rataye tsohon faifan garmar tarakta a reshen darbejiyar gada, aka damƙa wa Gado guntun rodi. Ƙa'idar mai sauƙi ce. In ya buga ɗaya-ɗaya a hankali, mai wucewa ne, kowa ya ci gaba da aikinsa. In ya buga ba tsayawa, Tsohuwa ce, kowa ya watse, kada mutum uku su tsaya wuri ɗaya, a kwanta rubda ciki cikin abu ishirin, wato ƙananan magudanan da ke ratsa gonaki. Sau biyu wannan ya ceci rayuka, ɗaya a ranar kasuwa. Tun daga nan mata ba sa tsallake gada sai sun ga Gado zaune. Yara suka haddace sunayen jiragensa kamar karatun allo, har mutanen ƙauyukan Larabawa na kusa suka koyi cewa Tsohuwa, suna karya harshe.

Ana cikin haka kunnen dama ya fara bin ɗan'uwansa. Da farko kukan kurciya ya ɓace masa, sannan muryar yara, sannan kiran salla sai in iska ta juyo. Ƙugi mai nauyi irin na Tsohuwa yana jin sa har yanzu, ba da kunne ba, a ƙirji da tafin ƙafa. Amma duk wani ƙara siriri ya fita daga duniyarsa. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba ko ranar da jirgi ya kusa aske masa kai. Ba mutuwa yake tsoro ba. Yana tsoron a karɓe rodin nan a miƙa wa wani, shi kuma ya koma tsohon banza mai tari a gindin bango.

Indo ce ta gano, don ba a ɓoye wa matar da aka shekara arba'in tare irin wannan. Gajera ce mai kauri, mai kaifin baki, kuma tun tana budurwa ta yi suna wajen kwaikwayo. Takan yi muryar mufattishi, da kukan jakin kowane gida, har mata su riƙe ciki don dariya. Wata rana ta tsaya a bayansa ta kira shi sau uku bai juyo ba. Washegari ta ɗauko tabarma da kwandon gyaɗarta da tukunyar jabana, wato gahawa, ta zauna a damansa a kan gada. Daga ranar aikin ya zama na mutum biyu. Ita tana ji amma ba ta san jirgi ba, shi ya san jirgi amma ba ya ji. In wani abu ya taso, sai ta kai bakinta kunnensa ta yi masa ƙaran da leɓɓanta, daidai yadda ta ji shi, da nauyinsa da saurinsa, ta nuna da haɓa inda ya fito. Shi kuma ya faɗi suna ya ɗaga rodi. Masu wucewa sukan tsokane su, wai tsofaffi sun dawo amarci, raɗa ba ta ƙarewa.

Sau ɗaya ta yi masa maganar a fili. Suna komawa gida da la'asar, ta ja hannun rigarsa ta ɗaga murya a kunnensa.

“Malam, wanga abu amana ce. Ka gaya ma Shehu. In ni na kwanta ciwo fa?”

“Bari a yanke dawa,” in ji shi. “In an yanke, halas, ni da kaina zan gaya mai.”

“Haka kac ce bara.”

Ya yi kamar bai ji ba. Ta san ya ji.

Akwai kuma wani jirgi da ya shigo yaƙin daga baya, ƙarami, marar matuƙi, wanda ake kira musayyara. Mutanen da suka gudo daga Sinja sun ba da labarinsa, kowa da yadda yake kwatanta ƙaransa. Yara suka yi ta damun Gado: “Baba Gado, wanga fa, mi as sunanai?” Sai ya ce musu ba a raɗa wa baƙo suna sai ya kwana bakwai. Gaskiyar ita ce bai taɓa jin sa ba, kuma ya san ko ya zo bisa kansa ba zai ji ba. Bai taɓa ratsowa ta Kambo Bakwai ba, don haka Indo ma ba ta san muryarsa ba.

A kaka ta biyu da yaƙi, dawa ta yi kyau irin wanda aka daɗe ba a gani ba, sai jan-baki ya sauko mata. Tsuntsayen suna tasowa daga kurmin bakin kogi kamar hayaƙi, su rufe gona, su tashi su bar zangarniya fayau. Mata da 'yan mata suka koma kwana da tashi a gona, suna kaɗa gwangwani, suna jifa da majajjawa, muryoyi duk sun dushe. Sai jita-jita ta shigo daga kasuwa, wai za a turo jirgin feshi ya kashe tsuntsun. Babu wanda ya san inda maganar ta samo asali, amma kowa ya rungume ta, Gado ya fi kowa. Ya kai shekara goma sha biyar rabonsa da ganin Zabuwa.

Ranar wata Talata, hantsi ya ɗaga, Indo ta tsayar da ɓarar gyaɗa. Ta karkata kai, ta daɗe a haka. Sannan ta matso kunnensa ta yi wani ƙara siriri mai karkarwa, wanda da ƙyar ya tsinci gefensa.

“Ƙara yi,” in ji shi.

Ta ƙara. Ta ce: “Ƙarami na, awa babur daga nesa. Shina tahiya gabas, shi juyo, shi koma yamma. Bisa layi guda.”

“Shi tai shi dawo? Bisa layi?”

“I. Amma ban san shi ba, Malam. Ban taɓa jin irinai ba.”

A duk jiragen da ya sani, guda ɗaya ne yake tafiya ya dawo bisa layi. Ya san feshin tsuntsu da magariba ake yin sa, a kurmin da suke kwana, ba da hantsi a kan gona ba. Ya san wannan sarai. Amma ransa ya riga ya ba shi amsa: sun zo duba wuri ne, ko kuwa sabbin matuƙa ne da ba su san ƙa'ida ba. Ya ɗaga ido bai ga komai ba, rana ta cika sama, ya ce a ransa ai tana bayan itatuwa.

“Zabuwa ta!” in ji shi. “Indo, Zabuwa ta dawo.”

“Ka tabbata?”

“Shekara ashirin da huɗu ina ƙarƙashinta, ke za ki tambaye ni?”

Ya miƙe ya buga faifan, ba ɗaya-ɗaya ba, ba kuma bugun watsewa ba. Bibbiyu ya buga, ya tsaya, ya sake bibbiyu. Wannan bugun ba ya cikin ƙa'idar Abdussalami. Tsohon bugu ne na zamanin auduga, wanda shugaban leburori yake yi ranar feshi, kuma duk macen da ta haura arba'in a kambon ta tashi da shi a kunne. Ma'anarsa: magani na tafe, a rufe ruwa da abinci, a fita daga gona, a shiga ƙarƙashin rufi. Rufi kuwa guda ne a wannan yankin, tsohuwar rumfar kwano da ake awon auduga a da, a bakin gonakin. Manyan mata suka gane nan take, har wasu suka rangaɗa guɗa. Suka kira ƙananan, aka fito daga cikin dawa, aka nufi rumfar a ayari. Mutanen da aka shekara ana koya musu kada uku su tsaya wuri ɗaya, ga su sun taru su fiye da talatin.

A rumfar akwai randuna uku da Indo take cikawa kullum sadaka saboda masu aikin gona. Ta tashi tana gyara mayafi.

“Randunana a buɗe suke,” ta ce masa a kunne. “Bari in je in rufe, kada maganinku shi zuba ciki.”

Ta tafi da ɗan saurinta na mai jiki. Shi kuwa, Allah ya gafarta masa, sai ya warware rawaninsa, ya ɗaura a kan wata gora da ke jingine da darbejiya, ya sauka daga gada ya nufi ƙarshen gona. An fi shekara ashirin da daina aiki da mai tuta, ya sani. Ƙafafunsa ne suka kai shi. Ya tsaya a kan kunya, ya daidaita da layin dawa, ya ɗaga gorar yana kaɗawa, dattijo mai shekara sittin da bakwai, kai ba hula, yana dariya shi kaɗai. Yana jiran ta ɓullo ta bisa itatuwa, ƙasa-ƙasa, ya duƙa mata.

Bai ji ƙaran ba. Ƙasa ce ta doke shi a tafin ƙafa, sannan iska mai zafi ta bugi gefen fuskarsa. Da ya juya, inda rumfar take sai ƙura da hayaƙi, fallen kwano guda yana juyawa a sama a hankali kafin ya faɗo cikin dawa. Tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya. Ya ga mata suna fitowa daga ƙurar, bakunansu a buɗe, hannuwa a ka, kuma duk wannan a shiru ya gan shi. Ya daɗe tsaye da gorar a ɗage kafin ya tuna ya sauke ta.

Mutum tara aka binne kafin la'asar. Indo na cikinsu, da Hannatu matar Abdussalami. Har yau babu wanda ya san na wane ɓangare ne jirgin, ko me mai tuƙa shi daga nesa ya zaci ya gani. Taron mutane a ƙarƙashin kwano ne ya ja shi, ko kuwa wani tsaye a fili yana kaɗa farin ƙyalle kamar mai ba da alama? Gado ya yi wa kansa wannan tambayar har ta zama kamar tarinsa, ba ta barinsa ya cika numfashi.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne babu wanda ya zarge shi. A zaman makoki maza suna zuwa su riƙe hannunsa, yana ganin leɓɓansu suna motsi, yana amsawa da amin. 'Yarsa Rabi'atu, wadda ta zo daga Abu Na'ama da ta ji labari, ita take faɗa masa a kunne abin da ake cewa: ƙaddara ce, wannan sabon abin ko kunnen Gado ya ruɗa. Ana kawo masa kisra, wainar dawa, da miya, ya sa hannu ya cire. Da za a samu mutum ɗaya ya tofa masa yawu, da ya samu sauƙi.

Sai kuma ya fara ji. A rana ta uku, da tsakar rana, yana zaune a ƙofar gida, ƙaran Zabuwa ya taso masa daga nesa, sarai, yadda bai ji wani abu ba cikin shekaru. Ya zabura ya dubi sama. Rabi'atu na tankaɗe a gefensa ba ta ko ɗaga kai ba, kaji na kiwonsu. A cikin kansa ƙaran yake. Yana tahowa, ya yi kamar zai iso, ya juya, ya koma, ya sake tahowa, kuma ba ya isowa. Wani lokacin ba ƙaran inji ba ne sam. Ƙaran ne yadda Indo take yin sa da leɓɓanta, har yakan ji ɗumin numfashinta a kunnen dama. Sai ya juya ya ga bango.

Kwana takwas bai taka gada ba. A na tara, bayan sallar azahar, ya tarar da Abdussalami zaune shi kaɗai a inuwar masallaci, ya rame, gemunsa ya ƙara fari. Gado ya durƙusa a gabansa, abin da bai taɓa yi wa sa'ansa ba. Bai san ƙarfin muryarsa ba, don haka maganar ta fito da amo, har wasu da ke alwala suka juyo.

“Shehu, ni na kashe su. Ba jirgi ya ruɗe ni ba. Ni kurma na. Fiye da shekara ke nan ban jin komi sai abin da Indo ta gaya min. Ranar nan ta ce ba ta san shi ba, ni na ce na sani. Ta ce in gaya maka tun bara, na ƙiya. Hannatu tana wuyana. Ka tara jama'a in faɗi gabansu, ku yi min abin da kunka ga dama.”

Abdussalami ya dube shi. Sannan ya dafa bango ya tashi, ya zagayo ta bayan Gado, ya wuce kunnen hagu, ya tsuguna a damansa, ya kai bakinsa daidai inda Indo take kai nata.

“Mun sani, Gado.”

Gado ya juyo.

“Tun bara munka sani. Ana yi maka sallama daga baya ba ka amsawa. Liman ya sani, mata sun sani. Hannatu ita ta fara gaya min.”

“To don mi kunka bar ni?”

“Wa za mu sa? Wa ya san su in ba kai ba? Munka ce Indo na nan, ku biyu kun isa.” Sannan ya ci gaba. “In kana neman wanda za ya hukunta ka, babu shi cikin kambon ga. Duk tare munka yi.”

Gado ya zauna daɓas a ƙasa. Ya zo ne da kaya a kai yana neman inda zai sauke, sai ya tarar kowa na ɗauke da irinsa. Bai ji sauƙi ba ko kaɗan. Kuka ya zo masa, irin na tsofaffi, marar hawaye sosai, kafaɗu kawai ke rawa. Abdussalami ya bar shi ya yi, bai janye daga kunnensa ba.

“Saura magana guda,” in ji shi. “Kwana tara ba macen da ta tsallake gada. Maza rabi sun gudu, rabi ba su iya fita fili don tsoron masu bindiga su kama su. Tsuntsu ya ci kashi ɗaya cikin uku. In an ƙara mako, waɗanda jirgi ya bari yunwa za ta kwashe su. Na yi magana, liman ya yi, ba su fita. Sun ce sai sun gan ka zaune.”

“Ba ni jin komi, Abdussalami.”

“Na sani.”

“Ko ya zo bisa kaina ban sani.”

“Na sani. Su ma sun sani. Ka zauna kawai.”

Washegari da sassafe Gado ya tafi gada. Rabi'atu ta biyo shi har bakin kambo tana magana, bai juyo ya ga me take cewa ba. Ya zauna a gindin darbejiya, ya ɗora rodin a cinya. Ruwan magudanin yana tafiya a ƙasa, ja da laka. Can gaba jan-baki ya riga ya sauka a gonakin farko.

Rana ta ɗan taso kafin matan su fito. Suna tafe a jere, da lauje da gwangwanaye, ba mai magana da wata. Ta gabansu Maryamu ce, wadda aka binne uwarta tare da Indo, da goyo a bayanta. Da ta iso bakin gada sai ta tsaya, na bayanta duk suka tsaya. Ba ta dubi sama ba, shi ta duba. Leɓɓanta suka motsa, gajeriyar tambaya, kuma ba sai ya ji ba ya san mece ce.

Ya ɗaga kai. Sama fes, ba ko gajimare. A cikin kansa ƙaran yana tahowa daga gabas, ƙasa-ƙasa, bisa layi, kuma ba shi da hanyar sanin ko a cikin kansa kaɗai yake. Ya dubi jaririn da ke barci a bayanta, ya dubi dawar.

“Babu komi, ɗiyata,” in ji shi. “Ku tai.”

Maryamu ta gyara goyonta ta hau gadar. Sauran suka biyo ta ɗaya bayan ɗaya, yana ƙirga su, har mace arba'in da ɗaya suka tsallaka suka shige cikin dawa.